Giyar Otomatik a Rairayi da Taɓo: Abin da Mai Neman Motar Daji Zai Auna

A ƙarshen shekarar 2023 kamfanin Toyota ya fito da Land Cruiser 70 mai giyar otomatik, masu harkar motocin daji suka yi ta ka-ce-na-ce daga Ostareliya har Afirka. Dalilin mamakin a fili yake. Tun 1984 ake ƙera wannan mota, sojoji da ƙungiyoyin agaji da masu haƙar ma'adinai da direbobin Sahara duk da ita suka saba, kuma akasarinsu ba su san ta da wata giya ba sai ta hannu. Sabuwar ta zo da injin dizal mai silinda huɗu, lita 2.8, da giya shida masu canza kansu. Abin da ya ƙara rura wutar gardamar shi ne, a takarda, ƙaramin injin ya fi tsohon V8 mai lita 4.5 ƙarfin murɗa taya: yana ba da 500 a ma'aunin Niyuton-mita, babban kuwa 430.

A tashoshin mota da wuraren dillalai a Kano, Kaduna, Maraɗi ko Agadas, an daɗe da yanke hukunci cewa otomatik motar gari ce, ta kwalta da cunkoso, amma da zarar an sauka daga titi an shiga gargada, sai manuwal. A ɗaya gefen akwai masu ganin duk wanda ya riƙe manuwal a yau rashin wayewa ne ke damunsa. Wanda ke tsaka mai wuya shi ne mai kuɗi a hannu, da ke son a-kori-kura don gona, ko kwangila, ko aikin asibiti a karkara. Abin da ke ƙara rikita shi kuwa, masu gardamar sau da yawa ba a kan na'ura ɗaya suke magana ba. Wannan yana tuna wahalar da wata tsohuwar mota mai giya uku ta ba shi, wancan yana yabon sabuwa mai giya takwas, dukansu kuma suna cewa otomatik.

Ba kowace otomatik ce ta daji ba

Motar daji a nan ita ce mai jan taya huɗu da aka gina don lodi da mummunar hanya, irin su Hilux, Land Cruiser, Nissan Patrol, Ford Ranger, Isuzu D-Max da Mitsubishi L200. Giyabos shi ne akwatin haƙoran ƙarfe da ke tsakanin inji da tayoyi, aikinsa musayar gudu da ƙarfi: ƙaramar giya ƙarfi da yawa gudu kaɗan, babbar giya akasin haka. A manuwal direba ne ke taka kuloci ya raba inji da giyabos, ya canza giya da hannunsa. A otomatik motar ce ke yin wannan aiki, sai dai hanyar da take bi ta yi shi ba iri ɗaya ba ce.

Wadda ta fi tsufa kuma ta fi yawa a motocin daji ita ce mai kwanbata. Kwanbata wani rufaffen kwano ne cike da man giya, a maƙale a bayan inji inda kuloci ke zama a manuwal. A cikinsa akwai fanka biyu suna fuskantar juna ba tare da sun taɓa juna ba. Inji yana juya ta farko, ita kuma ta watsa mai da ƙarfi a kan ta biyu, wadda ke haɗe da giyoyi. Kamar dai yadda ake juya ruwa a ƙwarya da ludayi, duk abin da ke cikin ruwan ya bi juyin ba tare da ludayin ya taɓa shi ba. A tsakiyar fankokin akwai wani ƙaramin ƙarfe mai fikafikai da ke karkata man ya dawo ya ƙara tura fanka ta farko. Shi ne ke sa a lokacin da mota ke tsaye ko take ɗagawa, kwanbata ya ninka ƙarfin murɗawar inji kusan sau biyu. Idan gudu ya daidaita, wani ƙaramin kuloci da ke cikin kwanbatan yakan kulle ɓangarorin biyu su juya tare, santsin ya tsaya, shan mai ya ragu.

Sauran nau'o'in sun bi wata hanya dabam. CVT ba ta da matakan giya. Bel ne na ƙarfe ko sarƙa ke gudana tsakanin fuli biyu masu buɗewa da matsewa. Tana da laushin tuƙi da tsimin mai, shi ya sa ta cika ƙananan jif-jif na zamani, amma jan kaya mai nauyi a rairayi ba gonarta ba ce. DCT, wadda Volkswagen ya yaɗa tun 2003, kuloci biyu gare ta da kwamfuta ke sarrafawa. A titi tana canza giya cikin ƙiftawar ido, a tafiyar rarrafe kuwa kulocin ne ke ta gogawa yana zafi. Akwai kuma AMT, wato giyar manuwal da na'ura ke taka wa kuloci, irin I-Shift da Volvo ya fito da ita a 2001, wadda a yau ta zama ruwan dare a manyan tireloli.

Saboda haka duk yabon da za a yi wa otomatik a daji, mai kwanbata ake nufi. Kuma ko ita ba ta isa ita kaɗai ba, sai da ƙaramin akwatin da ke bayanta mai raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba da na baya, wanda direbobi ke kira ogzilari. Shi ne mai alamun 2H, 4H da 4L. Wannan 4L ɗin ƙarin ƙaramar giya ce da ke ninka ƙarfi sau biyu zuwa huɗu, ta rage gudu da gwargwadon haka. Jif ɗin da ba ta da 4L, komai tsayinta da kyan tayarta, motar burji ce, ba ta tudun rairayi ba.

Inda rashin yardar ya samo asali

Fasahar ba sabuwa ba ce. Wani injiniya Bajamushe, Hermann Föttinger, shi ya yi rajistar dabarar tura ƙarfi ta cikin ruwa a 1905, domin jiragen ruwa. General Motors na Amurka ya saka giyar Hydra-Matic a motocin Oldsmobile samfurin 1940, kuma a Yaƙin Duniya na Biyu an saka irinta a tankokin yaƙi irin su M5 Stuart da M24 Chaffee. Motar sojan Amurka da aka fi sani, Humvee, tun da ta fara aiki a tsakiyar shekarun 1980 da otomatik take tafiya, da farko mai giya uku, daga baya mai huɗu. Sojoji sun zaɓe ta ne don kurtun da bai ƙware ba ma ya iya ja, hankalinsa kuma ya tsaya a kan hanya.

To me ya sa a ƙasar Hausa aka ƙi yarda da ita? Tarihin motocin da aka saba da su ne. Kanikawan da suka horar da kanikawan yau sun koyi aiki ne a kan Land Rover, Bedford da Peugeot 404 da 504, musamman bayan da masana'antar haɗa Peugeot ta Kaduna ta fara aiki a 1975. Kusan dukansu manuwal ne. Sunan da Toyota ta yi a hamada shi ma a kan giyar hannu ta yi shi. A 1987 sojojin Chadi suka fatattaki dakarun Libiya masu tankoki a Fada da Wadi Dum, suna bisa a-kori-kurar Toyota, har yaƙin ya samu laƙabi da sunan motar. Duk wanda ya taso da wannan labari, da wuya a gamsar da shi cewa akwai abin da ya fi Land Cruiser mai giya biyar.

Otomatik kuwa ta shigo ne ta ƙofar baya, a cikin motocin Kwatano da suka riga suka sha tafiya a Turai da Amurka, da tsohon mai a cikinsu, suka faɗa hannun waɗanda ba su da littafinsu ba su da kayan aikinsu. Ta mutu sau da yawa, kuma gyaranta ya zama sayen wani tsohon giyabos a Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Ladipo ta Legas. Rashin yardar ke nan yana da tushe. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne na'urar ta sauya ƙwarai tun daga lokacin.

Lissafin rarrafe

Akwai lissafi ɗaya da ke nuna girman sauyin. A ɗauki rabon giya ta ɗaya, a ninka da na 4L, a ninka da na aksul. Abin da ya fito shi ne sau nawa inji zai juya kafin taya ta zagaya sau ɗaya. Yawan adadin, yawan ƙarfi da natsuwar mota a kan dutse.

A manyan a-kori-kurar Amurka na shekarun 1970, otomatik TH400 tana da giya ta ɗaya 2.48. Idan aka haɗa ta da ogzilari mai 1.96 da aksul mai 4.10, lissafin bai wuce 20 ba. A irin wannan mota, manuwal SM465 mai ƙaramar giya 6.55 tana ba da sama da 52. Tazarar ta yi yawa, kuma kwanbata ne ke cike ta da santsi, santsi kuwa zafi yake haifarwa. Masu cewa manuwal ta fi a dutse a wancan zamani gaskiya suka faɗa.

Yanzu a dubi Jeep Wrangler Rubicon samfurin 2018. Otomatik ɗinta mai giya takwas, ƙirar kamfanin ZF na Jamus, tana da giya ta ɗaya 4.71, da ogzilari mai 4 da aksul mai 4.10 ana samun kusan 77. Manuwal ɗinta tana ba da 84. Tazarar ta kusa rufewa, ga kuma ninkin kwanbata a kai. Yawan giyoyi ya kuma magance tsohon ƙorafin shan mai, domin a sama akwai manyan giyoyi da ke barin inji ya huta a doguwar tafiya. Ga mai mota a Najeriya tun bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tsofaffin masu giya uku da huɗu dai har yanzu sun fi manuwal zuƙar mai.

Wani abin da zai ba masu riƙe da tsohon ra'ayi mamaki: tun 2020, Hilux mai dizal 2.8 tana ba da Niyuton-mita 500 idan otomatik ce, amma 420 kawai idan manuwal ce. Inji ɗaya ne, sai dai an rage masa ƙarfi a mai kulocin.

Rairayi, taɓo, hawa da gangara

A rairayi mai laushi, irin na Tenere tsakanin Agadas da Dirku da Bilma, ko tuddan Yusufari a Yobe, abin da ke kafe mota shi ne yankewar ƙarfi. Direban manuwal da ya taka kuloci a tsakiyar hawan tudu don ya sauko daga giya ta uku zuwa ta biyu, a wannan ɗan lokacin tayoyinsa ba sa ja, rairayi kuwa ba ya jira. Motar ta tsaya, ya saki kuloci da ƙarfi, tayoyi su tona rami su zauna. Ƙwararrun direbobin Sahara sun san maganin wannan: su zaɓi giya tun daga ƙasa, su riƙe ta har ƙololuwa. Amma ƙwarewa ce ta shekaru. Otomatik mai kwanbata tana canza giya ƙarfi bai yanke ba, tana kuma ɗagawa a hankali ba tare da fizgar da ke sa taya tono ba. A wannan fage ta fi, musamman a hannun direba matsakaici. Ko da wace giya ce dai, wanda bai rage iskar taya ba kafin ya shiga rairayi ya riga ya sayi wahala.

A taɓo abin bai fito fili haka ba. A baƙar lakar yankin Dikwa da Ngala da damina, ko fadamun Haɗeja da Nguru, dabarar da aka saba ita ce jijjiga mota gaba da baya har ta fita. Manuwal tana jure wannan fiye da otomatik. Fizgar sandar giya daga D zuwa R tayoyi na kan juyawa yana daga cikin hanyoyi mafi sauri na ƙona faiba, wato faranta masu ɗanko da ke kama giyoyi a cikin akwatin. Mai otomatik dole ya tsayar da taya cak kafin ya sauya, idan kuma ta ƙi bayan gwaji kaɗan, shebur da igiyar ja sun fi masa arha.

A hawan dutse, kamar hanyar da ke hawa tsaunin Mambila daga Serti zuwa Gembu ko duwatsun Azbin, otomatik ba ta mutuwa a tsakiyar hawa, ba ta kuma komawa da baya yayin da ƙafa ke tashi daga birki zuwa totur. Gangara ce ke da magana. Manuwal a giya ta ɗaya cikin 4L, inji ne ke riƙe da ita gam. Tsohuwar otomatik da aka bari a D sai ta yi ta hawa giya tana ƙara gudu, nauyin duka ya koma kan birki, birki ya yi zafi ya daina kamawa. Laifin rabi na direba ne, domin alamun L, 2 ko S da ke jikin sandar giya don wannan aka yi su. Sababbin motoci sun ƙara da na'urar da ke taka birki da kanta a gangara, wadda Land Rover ya fara sakawa a Freelander a 1997, Toyota kuma ya kawo tasa mai sarrafa rarrafe gaba ɗaya a Land Cruiser 200 a 2007.

Zafi da mai: inda gizo ke saƙar

Abin da ke kashe otomatik a daji, fiye da dutse da rami, zafi ne. Duk lokacin da fankar farko ta kwanbata ke juyawa fiye da ta biyu, bambancin yana zama zafi a cikin mai. A titi kwanbata a kulle yake, babu matsala. A rairayi da lodi kuwa, musamman idan direba ya bar mota a 4H tana nishi a ƙaramin gudu, santsin ba ya tsayawa, iskar da ke sanyaya lagireto kuma ta ragu saboda motar ba ta gudu. Man giya yana son zama a wajen digiri 80 zuwa 95 a ma'aunin Salshiyos. Idan ya wuce 120 yakan fara lalacewa da sauri: ya yi baƙi, ya yi ƙauri, robobin da ke tare shi su bushe, faiba ta fara zamewa. A tuna cewa a watannin Afrilu da Mayu, a Sakkwato, Maiduguri ko Agadas, iskar waje kanta tana wuce digiri 40. Motar da aka tsara sanyayarta don Kanada ta shigo da ƙaramin rarar da za ta yi wasa da shi.

Maganin farko kyauta ne: a shiga 4L da wuri. Direbobi da yawa suna ɗaukar 4L abin da ake nema bayan an kafe, alhali amfaninta ga mai otomatik shi ne ta ɗauke wa kwanbata nauyi tun kafin ya yi zafi. Na biyu shi ne ƙarin na'urar sanyaya man giya, ƙaramin lagireto da ake ɗaurawa a gaba; kuɗinsa bai kama ƙafar kuɗin giyabos ba. Na uku shi ne sanin zafin. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka tun 1996 kusan duk suna da soket ɗin OBD-II a ƙarƙashin sitiyari, kuma a da yawa daga cikinsu ana iya karanta zafin man giya da ƙaramar na'ura. Idan fitilar gargaɗi ta kama, a tsaya a saka P a bar inji yana aiki a hankali, domin famfon da ke zagaya man da inji yake juyawa. Kashe mota nan take yana tsayar da sanyayar.

Sai nau'in man kansa, kuma a nan ne ake tafka asara mafi yawa ba tare da an sani ba. A manuwal aikin mai shafawa ne kawai. A otomatik shi ne ke ɗaukar ƙarfi, shi ke matse faiba, shi ke sanyaya. Kowane giyabos da irin nasa: Dexron na General Motors, Mercon na Ford, T-IV da WS na Toyota, ZF ma da nata. Tsofaffin Toyota masu giya huɗu suna shan Dexron ko T-IV, amma akasarin sababbi masu biyar da shida WS suke buƙata. Kasancewar duka ja ne a ido ba ya nufin ɗaya ne, kuma zuba kowane jan mai daga galan marar suna a bakin hanya ya kashe giyabos da yawa da aka ɗora wa laifin rashin ƙwari. Sababbin akwatuna da dama ba su da sandar duba mai, har wasu kamfanoni na cewa man na tsawon rayuwar mota ne. Littattafan motocin da kansu sukan ware jadawali dabam ga mai jan kaya, mai bin ƙura da mai aiki a zafi, kuma duk motar daji a Sahel a wannan rukuni take.

Ruwa shi ne abokin gaba na biyu. Kowane giyabos yana da ɗan bututun numfashi a samansa. Idan akwati mai zafi ya shiga rafi mai sanyi, iskar cikinsa takan tsuke ya zuƙi ruwa ta wannan bututu. Manuwal za a iya zubar da man a zuba sabo a ci gaba da tafiya. A otomatik ruwa yana ɓanɓare faiba daga ƙarfenta, ɓarnar kuma ba ta komawa. Masu tsallaka rafuka da damina suna ƙara wa bututun tsawo har zuwa saman ɗakin inji. Ruwan yana iya shigowa ta cikin gida ma: a motocin Nissan Pathfinder, Xterra da Frontier na 2005 zuwa 2010, an sha samun fashewar bututun man giya da ke ratsa cikin lagireto, ruwa da mai su gauraye, har kamfanin ya tsawaita garantin lagireton a Amurka. Irin waɗannan motoci sun shigo Najeriya da yawa, don haka mai sayensu ya fara da duba launin man.

Hujjar da ta rage wa masu manuwal

Hujjarsu mafi ƙarfi ba ta tuƙi ba ce, ta ranar da abu ya lalace ce. Manuwal da batirinta ya yi sanyi ko kik ɗinta ya ƙi, ana tura ta ta tashi. Otomatik ta zamani ba ta tashi da turi, saboda sai inji ya juya famfo zai matse faiba. Ba a kuma jan ta da igiya tafiya mai nisa tayoyinta a ƙasa sai an kwance farfela ko an bi ƙa'idar da littafinta ya shimfiɗa, in ba haka ba kayan cikinta su juya ba mai. Kulocin da ya ƙone, bakanike a Dirku ko Gembu zai sauke giyabos ya canza shi. Sensa ɗaya da ta mutu a otomatik tana iya kulle mota a giya ɗaya, kuma gano ta sai da kwamfuta. Ga ayarin da zai yi ɗaruruwan kilomita babu gareji, wannan magana ce ta rai, kuma shi ya sa aka daɗe ana sayar da Land Cruiser mai injin 1HZ na lita 4.2 da giyar hannu biyar a Afirka, injin da aka fara ƙerawa tun 1990.

Sai dai a yi adalci. Sauƙin da ake yabo na wannan tsohon haɗi ne gaba ɗayansa, inji marar kwamfuta da giya marar kwamfuta. Sabuwar Hilux manuwal mai dizal na zamani ita ma cike take da sensa, kuma idan batirinta ya mutu murus turi ba lallai ya tashe ta ba. Sannan hukumomi da kamfanonin da ke da motoci da yawa da direbobi iri-iri sun san nawa kuloci ke ci musu a shekara. Otomatik ba ta bari direba ya ɗora ƙafa a kan kuloci ko ya ɗaga da giyar da ba ta dace ba, tana kuma rage bugun da ke karya aksul da farfela.

Masu sauya giyabos

A Amurka, inda mutane ke gina motar daji da hannunsu, gardamar ta daɗe da wuce manuwal ko otomatik, ta koma wace otomatik. TH400, wadda ta fito a 1964, ba ta buƙatar kwamfuta kuma ƙarfinta ya sa har manyan motocin tseren hamada na Baja ke amfani da irinta, amma giya uku ce, a titi inji kuka yake yi. 700R4 ta 1982 tana da giya ta ɗaya 3.06 da ta huɗu ta doguwar tafiya, sai dai ba ta kai waccan ƙwari ba, kuma akwai wata waya daga totur da idan ba a saita ta daidai ba akwatin zai ƙone cikin ɗan lokaci. 4L80-E ta 1991 ta haɗa ƙarfin ta farko da giya ta huɗu, amma tana da nauyi kuma sai da kwamfutarta. Abin da ke raba gardamar shi ne nauyin motar, girman taya, da yawan tafiyar kwalta kafin a isa daji.

Girman taya ya shafi kowa. Duk wanda ya saka manyan tayoyi bai sauya haƙoran aksul ba, ya ƙara wa kwanbata aiki, motar ta yi ta neman giya tana hawa tana sauka. Game da mayar da otomatik manuwal, wanda wasu garejoji ke yi idan giyabos ya mutu, a tsohuwar mota marar kwamfuta abu ne mai yiwuwa. A sabuwa kuwa inji da giya da birki duk suna magana da juna, raba su yakan bar fitilu a kunne da inji marar ƙarfi.

Inda kasuwa ta dosa

Zaɓin kansa yana ƙanƙancewa. Sabuwar Land Rover Defender ta 2020 da Ineos Grenadier duk da ZF mai giya takwas kawai suke zuwa. Manyan injinan Land Cruiser 300 ta 2021 giya goma ta otomatik aka haɗa musu, haka Ford ya saka mai goma a F-150 tun 2017, daga baya a Ranger. A Amurka, inda yawancin tsofaffin motocin da ke shigowa Najeriya suke fitowa, sababbin motoci masu manuwal ba su kai 3 cikin 100 ba. Abin da ake sayarwa can a yau shi ne zai cika Kano da Maraɗi nan da shekara goma, ko ana so ko ba a so.

Ga wanda aikinsa ke tsakanin gona da gari, ko tsakanin ƙauyukan da ba su fi tafiyar yini ɗaya daga babban gareji ba, otomatik mai kwanbata da 4L zaɓi ne mai kyau, kuma masu giya biyar da shida da Aisin ke ƙera wa Toyota sun yi suna wajen juriya, ga kayansu a kasuwa. Mai ratsa Tenere yana da dalilin da zai riƙe tsohuwar manuwal muddin ana samunta. Mai sayen tsohuwar otomatik kuwa kada ya tsaya ga zagaye ɗaya a layin dillali da sanyin safiya. Ya tuƙa ta har ta yi zafi sosai, ya ji ko tana jinkiri ko bugu idan an saka D ko R, ya shiga 4L ya tabbatar tana kamawa tana kuma fita, a ɗora mata kwamfuta a karanta kurakuran da ta ajiye, a ɗebo ɗan man a kan farar takarda a duba launi a sansana. Kafin ya biya, ya san sunan man da take sha, da shagon da zai same shi na gaske, da bakaniken da ya taɓa buɗe irin wannan akwati ya mayar da shi ya yi aiki.